Gidanmu na Bakin Hanyar Mota

Zuwa ga Yaya Umaru a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina uwargida da yara, yaya ciniki? Mu nan Tambuwal lafiya lau, sai kewar maigidana Malam.

Ranar da na fita takaba na gane dalilin da ya sa Malam ya tashe mu daga cikin gari, lokacin ina ta mita wai ya kawo ni daji. Na leƙa ƙofa, sai ga mahauci, ga tela, ga masallaci. Ashe hakimi ya yanka wa mutane filaye kewaye da inda motar Sakkwato ka tsayawa, har an gina rijiya. Duk abin da nika so, sai in ɗora tukunya in taka in sayo, ba ta tafasa ba.

Kawu ya zo maida ni gida Kebbe. Na ce, "Kawu, can wace mota za ta sauke mini masu shan fura?" Ya shanye ƙwarya guda, ya yi dariya, ya koma shi kaɗai.

A sa Malam cikin addu'a, a gaida kowa. Rumfar saida fura da ya kafa mini ƙofar gida har yanzu ba rufi, ga damina ta matso.

Ƙanwarka, Hassi