Hurar Tambara a Ƙofar Bariki

Filinge, bayan girbi

Zuwa ga yayana Kailu, gardi, wato dogarin Anasara, a Yamai. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lahiyarka da gajiyar aiki. Malam Ibrah ke rubutawa, ƙanwarka Tambara ke faɗa.

Ka ji mijina bai komo daga dakon kayan Anasara ba. Na dawo gida da ɗiya ukku. Ina son in fara saida hura, amma tsoro ya hana ni. Sau biyu ina ɗaukar ƙwarya, in kai bakin kasuwa, in ga idanun mutane, in juyo gida mu shanye da yara. Ban san yadda ake cewa mutum ya biya ba, Yaya, bakina nauyi yake yi.

Hatsi akwai. Da mutanen bariki sunka fara kwashe rumbuna, Baba Ɗangoma, ƙanen babanmu, ya sa anka binne na gidanmu duka cikin rami, har da irin shuka. Daga rabona zan ɗiba. Wurin ba ni faɗa a takarda, hannuwa da yawa take bi. Ka ba ni shawara. Inna tana gaishe ka. Allah shi tsare.

Yamai

Zuwa ga Tambara, bayan gaisuwa. Na yi dariya har na gaji. Ke tun kina ƙarama zakara ke korar ki daga tsakar gida, yanzu kuma kasuwa. Nan Yamai mata Zabarmawa ba su kai ki iya dama hura ba, amma sun fi ki baki.

Bar kasuwa, can duk dangi ne, kyauta za su sha. Tahi ƙofar bariki, soji suna biya. Ki nemi sarjan Albarka, abokina ne tun muna sabbin shiga, ki ce ke ƙanwata ce. Ki ɗauke shi kamar ni. Ki ɗaga kai, ki buɗe baki. A gaida Inna.

Filinge, tsakiyar rani

Yaya, gaisuwa da godiya. Na tahi. Ranar farko wani soja ya sha ya wuce, na bi shi da "Allah shi amfana" kamar wawuya. Albarka ne ya jawo shi baya da kunne, ya tsaya kaina har na faɗi kuɗin hurata da bakina. Yanzu ƙwarya ukku nake ƙarewa kafin azahar. Har faɗa na yi da wani soja Bambaro kan nono, kuma ni na ci. Na yi murna da kaina, ba ni ɓoye maka.

Albarka ya zo gida gaida Inna. Ta shimfiɗa mashi tabarmarka, ta ce abokin ɗanta ɗanta ne. Ka san al'adarmu, wanda anka zaunar kan tabarmar ɗan gida ba a yi mashi rufa-rufa. Ya ce mini, "Ƙanwata, shekarag ga kowa dussa yake ci. Ki tabbata gara ba ta shiga inda kunka aje naku hatsi ba." Ya ce ya san maganinta. Na kai shi bakin ramin, ya duba, ya ce wurin ya yi kyau. Allah shi bar ku tare.

Filinge

Kailu, gaisuwa. Ranar Laraba da hantsi soji sunka zo da raƙuma shidda. Ba su tambayi kowa ba, kai tsaye sunka nufi bayan kukar garke, inda ramin yake. Sun kwashe duka. Baba Ɗangoma ya kwanta cikin ramin, ya ce su bar iri kawai, sunka ja shi waje da ƙafa gaban jikokinshi, sunka zane shi. Har yau bai tashi ba.

Gida kowa ya san wa ya nuna. Matan gida sun fasa ƙoraina. Ɗiyana ba a kiransu cin tuwo. Na iske Albarka na kama rigarshi, ya ɓamɓare hannuna ya ce, "Tambayi yayanki." Ga shi ina tambaya.

Yamai

Tambara, bayan gaisuwa. Kumandan ya ce kowane gardi ya nuna ramin hatsi ɗaya a ƙasarsu, wanda bai nuna ba a sa shi jirgi zuwa yaƙin Anasara. Waɗanda sunka tahi bara ba a ji ɗuriyarsu ba. Ni ban san wurin ba, ke kin sani, kuma kin ƙi rubutawa. Da Baba Ɗangoma ya amince da ni, da ba a bi ta kanki ba.

An ƙara mini igiya, na samu ƙarin girma. Ki ci gaba da sana'arki, ai yanzu kin iya. Kada ki karanta wa Inna wagga.

Filinge, farkon damina

Kailu. Malam ya karanta takardarka tsakar gida, Inna na zaune. Ta naɗe tabarmarka ta sa a murhu.

Ruwa ya sauka jiya, mai yawa, irin wanda ake roƙo. Da sahe duk gari ya fita shuka. Mu ma mun fita da sungumi, mun tsaya bakin gonar babanmu muna kallon ƙasa. Babu abin zubawa.

Sai wata rana.