Ninkin da Na Karɓa

Asabar, 6 ga Afrilu

Na je wurin Baba a gidan kula da tsofaffi. Yau ma "Malama" ya kira ni, har da sunkuyar da kai. Wata huɗu ke nan rabon da in ji sunana, Chizuru, a bakinsa. Amma ina buɗe allon bakgamon, wasan nan mai kama da dara, sai ya jera 'ya'yan wasansa goma sha biyar ba kuskure ko ɗaya. Ya manta 'yarsa ta cikinsa, bai manta waɗannan ba. Kishin katako nake yi, abin kunya.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Shekara talatin muna rigima ɗaya da shi, a kan ninki. Idan abokin wasa ya turo maka ninki, ko ka karɓa a ci gaba maki ya zama biyu, ko ka sallama wasan ya ƙare nan take. Ni lissafi na sani: damarka ta kai ɗaya cikin huɗu, karɓi, ba ta kai ba, sallama. Shi kuwa fuskar mutum yake karantawa. Duk kulob ɗinmu na birnin Sendai sun san sunan da ya sa mini, Na'ura. Yakan ce na'ura ba ta san mai tsoro ba. Nakan ce shi ya sa kofuna suke gidana.

Asabar, 13 ga Afrilu

Ya yi barci tun kafin in cire takalmi. Na bar masa wainar zunda, mai zaƙin nan ta ɗanyen waken soya, wurin Malama Kurihara, mai kula da shi.

Asabar, 20 ga Afrilu

Na yi wauta.

Wasa ya yi daɗi, har yana ɗan waƙa a hanci yadda yake yi da. Sai ya turo mini ninki. Damata ba ta kai ɗaya cikin goma ba, ko makaho ya gani. In na sallama, wasa ya ƙare, a mayar da shi ɗaki, ni kuma in kama hanyar jirgin ƙasa. Minti goma kawai nake so in ƙara da shi. Na ce na karɓa.

Ya daina waƙar. Ya daɗe yana kallona.

"Ayya, Malama," ya ce. "Da har na ɗauka 'yata ce ke. Hannunku ɗaya. Amma ita ko da wuƙa a wuya ba ta karɓar wannan."

Ya ture allon, ya ce ya gaji.

Litinin, 22 ga Afrilu

Ashe ya kusa gane ni. Yana bakin ƙofa, ni na rufe da hannuna. A wurin aiki sau biyu na shiga banɗaki na yi kuka.

Laraba, 24 ga Afrilu

Malama Kurihara ta bugo. Ya rage cin abinci, likita ya ce a riƙa zuwa akai-akai. Na gane abin da ake nufi.

Asabar, 27 ga Afrilu

Da ƙyar ya zauna, an tokare shi da matashi biyu. Ni nake tura masa 'ya'yan inda ya nuna. Can tsakiyar wasa ya sa yatsa ya turo ɗan katakon ninki.

Na ƙirga. Na sake ƙirgawa. Damata ta haura ɗaya cikin huɗu, da kaɗan, amma ta haura. Karɓa ce. Sai na ɗaga kai. Ya taune leɓe, ya kafe ni da ido, irin kallon da yake yi wa sababbin 'yan kulob idan yana jira su tsorata. Ya yi imani ya gama da ni.

Na ce, "Na sallama."

Ya yi dariya har da tari. "Ka ji ta! Chizuru, ke dai ba za ki canja ba. Kullum lissafi."

Na ce e, Baba. Na yi kamar ina tattara 'ya'yan wasa don kada ya ga fuskata.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Na saka wasan jiya a kwamfuta, kamar kullum, in ban da na makon jiya da na kasa sakawa. Ta ja jan layi a kan sallamar, wai babban kuskure. Rabona da irin wannan layin tun ina makaranta.

Wataƙila gajiya ce ta sa na sallama. Ban goge shi ba. Gobe zan nemi hutu a wurin aiki, in tafi wurin Baba da allon.