Na Yi Sallama, Ban Tafi Ba

Laraba, 12 ga Yuni, ƙarfe tara da kwata na dare, a zauren gidanmu.

Saƙon ofishin jakadancin ƙasar da zan je karatu ya shigo ƙarfe huɗu da minti goma: sun dakatar da ba ɗaliban Nijar biza, wai don gwamnatinmu ta karɓi sojojin ƙasar da suke gaba da ita. Bayan magariba kuma na ji a rediyo jami'an tsaron ƙasashen nan biyu masu gaba da juna sun zauna teburi ɗaya suna musayar bayanai. Su suna shan shayi tare, ni da zan je karatun injiniyan ruwa ni ne abin tsoro!

Kuskurena, na riga na yi sallama gida-gida har ƙauyen Icirnawa. Malam ya yi addu'a, Inna ta ƙunsa mini kilishi. Ɗazu Kawu Habu ya gan ni a bakin masallaci ya ce, "A'a, Injiniya! Yaya sanyin can?" Kowa ya yi dariya.

Har yanzu ban sani ba ko dakatarwa ce ko sokewa, ko yaushe fasfona zai dawo daga Yamai, ko makarantar za ta ajiye mini gurbina. An yi ruwan shuka yau. Ban sani ba, in na ɗauki sungumi na bi Baba gona gobe, ko ke nan na haƙura.