Kujera Mai Ƙafa Uku

Litinin, 3 ga Maris

Yaya Babba ya zo da hantsi. Wan mijina ne, kuma tun rasuwar mijin nawa bai gaza mini ba, wannan kam ba zan ɓoye ba. Ya zauna a bakin ƙofa yana ta murza makullin babur ɗinsa, can ya ce, "Ƙanwata, shagon nan mu sake shi. Haya na tafiya, ƙarfe na tsatsa, mai shi kuma ya tafi." Wai akwai wani kafinta da ke son kayan aikin gaba ɗaya, zarto, guduma, bencin aiki, har gwangwanayen ƙusa.

Na ce a bar mini, ni zan riƙe hayar. Ya ce da me? Na ce da rubutu. Ya dube ni kamar na ce da iska.

Da gaskiyarsa. Amma can ne kaɗai ƙanshinka ya rage, Malam Gobe. Rigunanka duk sun koma ƙanshin sabulu.

Laraba, 5 ga Maris

Ƙanwata ta buɗe mini shafi a intanet, inda masu neman marubuta ke ajiye aiki. Hoto, suna, sai wurin da mutum zai yabi kansa. Na rubuta cewa na daɗe ina buga wa mutane takardu a shagon kwamfuta. Ta ce, "Haba Yaya, aiki kike nema ko gafara?" Ta goge, ta sa ƙwararriyar marubuciya. Allah ya yafe mana ni da ita.

Asabar, 8 ga Maris

Shiru kake ji. Kowa mai taurari yake nema, taurarin kuma sai ka yi wa wani aiki ya yaba sannan a ba ka. To ni ta wace ƙofa zan shiga?

Talata, 11 ga Maris

Data ta ƙare. Kaina na sarawa.

Alhamis, 13 ga Maris

Ƙanwata ta ce laifin shafin babu samfuri, in rubuta wani abu in liƙa a ga hannuna. Me na sani a duniya da zan rubuta? Na ɗauki makulli na tafi shagonka, na zauna cikin garin katako, sai ga kujerata a lungu inda ka bar ta.

Na rubuta komai. Yadda tun farkon aurenmu ka yi mini alƙawarin kujera mai wurin jingina da ɗora hannu. Ka yi wa rabin unguwa kujeru, ni matar kafinta a kan kifaffen bokiti nake wanke-wanke. In na yi magana sai ka ce, "Gobe, ranki ya daɗe." Har na sa maka suna Malam Gobe, kana amsawa ba kunya. Da ka tashi yi, ka yi ƙafa uku, ka goge ta har tana sheƙi, sai zazzaɓi ya kwantar da kai. A asibiti na ce ka tashi ka ƙarasa mini kujerata, ka yi murmushi ka ce gobe. Ita ce maganarka ta ƙarshe da na gane.

Na liƙa a shafin kafin in sake tunani. 

Litinin, 17 ga Maris

Saƙo ya zo! Wani kamfanin sayar da kujeru ne. Hoton mai maganar kujerar falo ce, ban san ko mace ba ce ko namiji, na sa masa Mai Kujeru. Wai labarin ya taɓa su, suna son saye. Abin da suka ce za su bayar ya isa hayar. Suka turo wata doguwar yarjejeniya da ƙananan baƙaƙe, na gangara ƙasa na latsa na yarda. Ƙanwata sai tsalle take yi kamar ita aka biya.

Juma'a, 21 ga Maris

Na biya mai shago. Yaya Babba ya riƙe baki, "Ikon Allah! Ashe rubutu na ciyarwa." Taurarina na farko sun fito. Na yi murna, daga baya na ji kunyar murnar.

Laraba, 26 ga Maris

Na gani.

Talla suka mai da shi. Babu sunana, wannan bai dame ni ba. Bokitin na nan, ranki ya daɗe na nan, ƙafa uku na nan. Amma babu zazzaɓi, babu asibiti. A nasu, mijin ya gaji da gorin matar, ya je kantinsu ya sayo mata kujera, ya ɗauko a ka yana gumi, suka zauna suna dariya.

Kai! Kai da in ka ga kujerar kanti sai ka ƙwanƙwasa ta da yatsa ka ce takarda ce aka yi wa fenti! Ga mutane a ƙasa suna ta rubuta Allah ya bar ƙauna, wata har tana kiran mijinta ya zo ya ga maza.

Na kifa wayar. Na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar.

Alhamis, 27 ga Maris

Na rubuta wa Mai Kujeru cewa mutumin nan mijina ne, kuma ya rasu, su cire. Amsar da ladabinta. Ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce, "Sai dai ki yi haƙuri 'yar'uwa, mutuwa ba ta sayar da kujera." Ya tuna mini cewa labarin ya zama mallakarsu ɗungurungum, su gyara yadda suka so. Har na gaskiyar da ke shafina wai in sauke, ba nawa ba ne yanzu.

Na koma na karanta ƙananan baƙaƙen. Sharaɗin yana nan, ƙuru-ƙuru. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na sauke. Na riƙe katako na sayar da kai, abin da na yi ke nan.

Lahadi, 30 ga Maris

Ban kunna wayar ba.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Taurarin sun jawo ƙananan ayyuka. Man gashi, labule, yau kuma bokitin roba. Na yabi bokitin nan har ya kusa yin magana. Ai shi kam na san shi ciki da waje.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ba wanda zan gaya wa wannan. Kullum da safe kafin in ɗora shayi sai na buɗe tallar. Don in ji haushi, haka nake ce wa kaina. Wurin nan da ka shigo da kujera a ka kana gumi...

Ƙarya ce tsagwaronta. Amma a ciki ka dawo gida.

Litinin, 14 ga Afrilu

Mai Kujeru ya dawo. Tallar ta karɓu, suna son ci gaba: mijin da matar bayan sun tsufa. Na ce a'a, a taƙaice. Ƙanwata ta fara, "Yaya, kowa ya ci ladan kuturu..." Na ce ta rufe mini baki, ta fita tana ƙunƙuni. Na san ba da mugunta ta faɗa ba.

Da yamma Yaya Babba ya biyo. Da zai tashi ya ce kafintan nan har yanzu yana tambaya. Ya san kuɗin bokiti da labule ba su riƙe shago. Ni ma na sani.

Talata, 22 ga Afrilu

Tsufa. Mu da ko furfura ɗaya ban taɓa cire maka ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Shara kawai na je yi a shagon. Ban san yadda aka yi na jawo kujerar ba, na tokare gurbin ƙafar da gwangwanin fenti, na zauna. Ta ɗauke ni. Wurin jinginar daidai bayana, ashe ka auna ni ban sani ba.

Tun da na zauna, sai na ciro wayar na rubuta wa Mai Kujeru na karɓi aikin. Don hayar ne kawai.

Wannan karon na karanta yarjejeniyar har ƙarshe, na kuma sa sharaɗi: kujerar kantin ta yi ta zama a falo don baƙi, amma tsohon da hannunsa zai ƙarasa wa matarsa tata. Sun yarda, wai ya ma fi daɗi. Na aika wa Yaya Babba ya sallami kafintan, ba zan sayar ba.

A labarin na ba ka tabarau da ciwon gwiwa. Na ba ka jikoki masu ɓatar maka da ƙusoshi, kana binsu da faɗan da ba ya tsorata kowa. Ƙafa ta huɗun ta ɗan fi sauran tsawo, kujerar na rangaji, na yi ƙorafi ka ce za ka gyara, ka san yaushe. A nan na ji wani sauti a shagon, ashe ni ce na yi dariya. Ban ji daɗin hakan ba. Ko na ji, oho.

Sai da aka fara rufe shagunan layin na tashi, ban yi sharar ba.

Furfura ta yi maka kyau, Malam Gobe.