Amya Biyar Sun Mutu a Hanya

Wilfrido,

Na tarar kana barcin rana. Ban tashe ka ba, don in muka haɗa ido yanzu zan faɗi abin da zan yi nadama.

Gas ya ƙare mini a hanyar gonar lemo, ga amyar ƙudan zuma takwas a bayan a-kori-kura, bakinsu a toshe. Allurar mai kuwa tana kan rabi abinta! Wani mai babur ya samo mini galan ɗaya na zuba, motar ta ƙi tashi, ta riga ta sha iska. Kafin Don Evaristo makanike ya iso rana ta take. Saƙa ta narke, zuma na ɗiga ƙasa. Biyar sun mutu, har da biyun da marigayi Baba ya bari.

Don Evaristo ya ce, "Ai tun bara na gaya wa ƙaninki allurar nan ƙarya take yi." Amma jiya ka ce mini, "Akwai mai, Yaya."

Na koma in ceci ukun da suka rage. Mama ba ta sani ba tukuna. Da bakinka za ka gaya mata, kafin in dawo.

Nélida