Ganyen da Ban Duba Ba

Litinin, 3 ga Maris

Na gan shi! Wata bakwai ina yanka ganyen lemu mai cutar bairos, siriri kamar fatar albasa, ina neman inda furotin ɗin cutar ke zama a cikin ƙwayar halitta. Yau na ɗiga maganin da ke sa shi ƙyallin kore, na leƙa madubin na'urar ƙara girman abu, sai ga kore jere a jikin bangon ƙwayoyin. Ashe a bango yake laɓewa, munafuki! Farfesa ta ce, "'Yata, wannan hoton shi ne digirinki." Ƙarshen wata zan kare aikina gaban malamai.

Alhamis, 6 ga Maris

Baban Madubi, dattijon da ke kula da na'urar, ya ɓata min rai. Ya kalli hoton ya ce, "Hajiya ƙarama, kin sa lafiyayyen ganye kin gani?" Wai bangon ganyen lemu kan yi ƙyalli da kansa in an cika masa haske. Me zan nema a ganyen da ba cuta? Mutumin da ko digiri ba shi da shi! Na fita ina huci.

Juma'a, 7 ga Maris

Zan duba. Don in rufe masa baki kawai.

Litinin, 10 ga Maris

Ban duba ba. Na goge teburina sau biyu, na wanke gilasan da suke a wanke. Zama ya gagare ni.

Talata, 11 ga Maris

Innalillahi. Lafiyayyen ganye, kore shar, a bango, daidai wurin. Ba furotin na ɗauka ba, bango ne ke ƙyallinsa, ni kuma na ƙure haske don zumuɗi. Baba na gefe yana goge na'ura, ko kai bai ɗago ba. Da ma ya yi min dariya, da ya fi min sauƙi.

Laraba, 12 ga Maris

Sau uku ina zuwa ƙofar Farfesa ina juyowa. Yaya ta ce a waya, "Ke dai karɓi takardarki, wa zai je ya tambayi ganye?" Gaskiyarta. To amma duk mai neman maganin cutar nan in ya karanta aikina, bango zai nufa, ya ɓata shekarunsa a banza. Kai! Tsoro nake ji, wallahi.

Litinin, 17 ga Maris

Na faɗa wa Farfesa. Ta cire tabarau, ta ce, "To, digiri sai baɗi." Na sha kukana a banɗaki.

Da na koma, Baba ya rage hasken, muka sa ganye mai cutar. Bango ya yi duhu. Can ciki, kusa da tsakiyar ƙwayar, wasu 'yan ɗigo-ɗigo. Ban ce furotin ɗin ne ba, sai na yanka lafiyayyu goma tukuna.

Ni ban ba shi haƙuri ba fa. Kujerata dai na tura masa, na tsaya a bayansa da biro.