Tabarma Biyu Suka Rage a Zaurenka

Kai mai karantawa, ka ji ni tun daga farko. Wannan wasiƙa mijina na rubuta wa, kuma ya rasu. Na sa ta a fili ne domin abin da ke cikinta a fili aka yi shi. Idan ka zo neman maganar da za ka tsinta ka kai wa ubangidanka na siyasa, ka wuce, babu rabonka a nan. Idan kuma ka zo ne ka ji uwa ta tona ɗanta don ka yi dariya, ka tuna kai ma wata ce ta haife ka. Ka karanta da ladabi, ko ka ajiye wayar.

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da roƙon Allah ya haskaka makwancinka, ina sanar da kai gida lafiya, jikokinka lafiya. Keken ɗinkinka yana nan a lulluɓe yadda ka bar shi. Shekara huɗu ke nan ban ji gyaran muryarka a zaure ba. Na san mamaci ba ya karanta takarda. Amma ba ni da wanda zan kai wa wannan magana sai kai, kuma saboda yaran da za su leƙa, zan faɗi har abin da ka riga ka sani.

Tabarma biyu suka rage a zaurenka, Malam. Taka, da tamu ta mata.

Ka tuna farkon abin. Soja sun koma bariki, gari ya cika da hotunan 'yan takara, manyan jam'iyyu sun raba jihar a tsakaninsu. Kai tela ne a Ƙofar Dundaye, ba ka da komai sai keke da zaure mai faɗi da ka gada. Wasu tsofaffi biyu da suka sha ɗauri a siyasar talakawa ta zamanin da, su suka fara zuwa hira wurinka, suna cewa abin da suka faro bai kamata ya bi su kabari ba. Hira ta koma taro. Malaman jami'a suka raɗa wa abin dogon suna da Turanci, wanda har yau ban ji wanda ya faɗe shi daidai ba. Mutanen gari suka ce 'Yan Tabarma, sunan ya zauna.

Haɗaka ce, kowace ƙungiya da damuwar da ta kawo ta. Teloli da dukawa suna tsoron a tashe su daga rumfunansu a ba masu kuɗi wurin. Malaman firamare sun gaji da koyarwa a ajin da babu rufi. Manoman shinkafa na fadamar Wamakko suna ganin takin da aka ce nasu ne ana sauke shi a gidajen manya, ana kuma yanka gonakinsu. Malaman jami'a da ɗalibansu sun zo da littattafai da manyan kalmomi. Daga baya 'yan kabu-kabu suka shigo. Sai mu mata, masu turara shinkafa da masu ƙuli-ƙuli. Abu ɗaya ya haɗa mu: makaranta da asibiti da ƙasar noma su zama na talaka, kuma talaka ya tsaya zaɓe da kansa, ya daina riƙe wa wani jaka.

Taron farko ya kusa watsewa kan kujera. Guda ɗaya ce a zauren, wani malamin jami'a ya hau ta yana jawabi, Baba Altine shugaban manoman Wamakko ya ɗauki sandarsa zai fita. Ka tashi ka ba malamin haƙuri, ka ɗauke kujerar ka shigo da ita cikin gida, ka koma ka ce, "Kowa shi taho da tabarmatai, mu zamna ƙasa."

Daga nan doka ta kafu. Kowace ƙungiya tabarma ɗaya, kowace tabarma murya ɗaya, ko manoma talatin ne a kanta ko malamai biyu. Babu kujera. Ƙungiyar da za ta fita kuwa, sai ta naɗe tabarmarta da rana a gaban kowa, ta faɗi dalili da bakinta. Ba a fita da saƙo.

Kowace Asabar da hantsi ni ke share zauren in shimfiɗa su, guda bakwai, kafin taron bayan la'asar. Ta manoma ta kaba ce, kullum da ƙamshin laka. Dukawa buzu suka kawo. Ta 'yan jami'a ta roba ce, ita ta fi kowace kyau, ita kuma ta fi zama babu kowa. Taka ta teloli ka kewaye bakinta da ragowar shuɗiyar shadda a kan keke, kuma akwai tabon dutsen guga a gefe ɗaya, inda ka manta shi ranar da muhawara ta yi zafi. Tamu tana bakin ƙofar cikin gida, bayan labule. Ni ke magana da yawun mata, tunda ni na gama sakandare, ni kuma ke karanta takardu da ƙarfi don wanda bai yi boko ba ya ji da kunnensa.

Ba zan yi wa yara ƙarya in ce lafiya lau aka zauna ba. 'Yan jami'a sukan ja magana har a kira magariba, dukawa su ce ba su fahimci ko kalma ba. Malaman firamare suna raina 'yan kabu-kabu. Mu mata sai mun yi tari sau uku kafin a tuna muna bayan labule. Duk da haka mun hana a yanka wata fadama, mun ci kansila, sannan muka kai Malam Jabbi, malamin firamare mai yawo a keke, har majalisar jiha. Mu mata muka bi gidajen kulle ɗaki-ɗaki. Kai ka ɗinka masa babbar rigar rantsuwa, ka ƙi karɓar ko sisi.

Yanzu ga laifina, wanda ban taɓa faɗa a gaban mutane ba.

Bayan 'yan watanni Malam Jabbi ya zo taro a mota. Ya tsaya a bakin zaure ya ce gwiwa ke damunsa, likita ya hana shi zaman ƙasa. Ni kuwa a bayan labule kunya ta kama ni. An rene ni a kan cewa ba a barin baƙo a tsaye a gidan mutum. Sai na turo masa kujerata 'yar tsuguno, wadda nake zama in tuƙa tuwo. Tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba. Ya zauna. Ka dubi kujerar, ka dubi labule, ka ci gaba da taro. Da aka watse ka shigo, abin da ka ce kawai shi ne, "Hajara, yau kin ɗaga shi." Ba ka sake tayar da maganar ba har ka bar duniya. Da ka yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Zuwansa na gaba da kujerarsa ya zo a bayan mota. Na gaba ya aiko wakili. Sannan muka ji a rediyo ya koma jam'iyyar masu mulki. Bai naɗe komai ba. Malaman firamare suka rabu biyu, tabarmarsu ta yi ta zama babu kowa har gara ta cinye ta, na fitar da ita da tsintsiya.

Sauran suka bi. Aka raba wa 'yan kabu-kabu sababbin babura. Su dai sun zo sun naɗe tasu, suka ce suna da iyali, kuma na girmama su a kan haka. 'Yan jami'a suka zame ɗaya bayan ɗaya, wannan an sa shi a kwamiti, wancan ya tafi Abuja, kowa da uzurin da ya iya rubutawa. Dukanci ya yi rauni, yaransu suka watse, tsohon da ya rage ya ɗauki buzunsa ya tafi. Ka rasu ka bar tabarma uku: taka, ta manoma, da tamu.

Sai maganar Abba, ɗanmu na fari, wanda har yau ban taɓa kiran sunansa na yanka ba. Shi ya gaji zama a kan tabarmarka, shi ke riƙe da takardun haɗakar.

Mako uku da suka wuce, ranar Asabar da hantsi, ina shara na ji a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Fararen kujerun roba ne a ciki, da rumfar taro. Ashe ya gama magana da wani ɗan takara na babbar jam'iyya cewa 'Yan Tabarma sun bi shi, an yi masa alkawarin muƙamin mai ba da shawara, har an kama musu ofis a Minanata. Yana so a yi sanarwar a ƙofar zaurenka, a shimfiɗa tabarmarka ƙarƙashin ƙafar mutumin a ɗauki hoto.

Na tsaya a bakin zaure da tsintsiya a hannu. Na tuna masa dokar ubansa. Na ce ya jira la'asar, Baba Altine ya zo, mata su zo, ya naɗe tabarmar a gabansu ya faɗi dalili, sannan ya tafi da ita, gadonsa ce. Ya ce wannan tsohon yayi ne. Na ce to tsohuwar tabarma ma tsohon yayi ce, ya bar ta.

Sai ya dube ni, idonsa ya kaɗa, ya ce, "Inna, shekara nawa muna zamne ƙasa, mi munka samu? Baba bisa benci yac cika yana jiran gado a asibiti, ina riƙe da kainai."

Ka san bakina, Malam. Ba ya ƙyale kowa. Amma gaskiya ya faɗa, ina wurin. Ya ƙara da cewa in yana cikin gwamnati, wataƙila ya samar wa uban wani gado. Na ce duk da haka tabarmar ba ta fita. Ya sa aka mayar da kujerun cikin mota, ya tafi bai yi mini sallama ba.

Bayan kwana biyu maƙwabciyata ta nuna mini hoto a waya. Rumfa a Minanata, ɗan takara a kujerar kushin, takalmansa a kan wata tabarmar kaba, ɗanka a tsaye yana jawabi. An rubuta a ƙasa wai tabarmar marigayi Malam ce, wadda aka kafa haɗakar a kanta. Na kusanto da hoton. Babu shuɗiyar shadda a bakinta, babu tabon dutsen guga. Daga kasuwa aka sayo ta, aka goga mata ƙasa. Mutane suna ta yabo a ƙarƙashi, har da waɗanda suka yi shekaru suna zama a gefen ta gaskiyar. Ko mutum ɗaya bai tambaya ba.

Barinmu da ya yi na iya haɗiyewa. Ƙaryar da ya yi da sunanka ita ta tsaya mini a wuya.

Asabar da ta biyo Baba Altine ya zo daga Wamakko shi kaɗai. Ya tsufa ƙwarai, sai da ya dafa bango kafin ya kai ƙasa, amma ya kai. Ni da mata biyu muna bayan labule. Ya jira har inuwa ta rufe titi, babu wanda ya ƙaru. Sai ya yi gyaran murya ya ce 'ya'yansa da sauran manoma sun bi Abba saboda alkawarin taki, ba shi da sauran wanda zai yi magana da yawunsa, don haka ba shi da hurumin riƙe murya. Ya naɗe tabarmar a hankali, ya ɗaure ta da igiya, ya nemi gafararmu da taka. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ni dai na cika doka, Hajiya." Mutumin da bai taɓa shiga aji ba, shi ya riƙe dokar har ƙarshe.

Ba na jin abin nan zai dawo. Matan da suka rage sun tsufa kamar ni, ɗaya ma ta tambaye ni a ɓoye ko laifi ne ta karɓi atamfa da sabulun da ake rabawa. Na ce mata ni ba uwarta ba ce. Yaran yanzu suna son a ce musu masu kishin talaka, amma ba sa son ƙasa ta taɓa rigarsu. Nakan fara wannan faɗan a raina, sai in tuna wa ta turo kujerar farko. Wani lokaci kuma in tambayi kaina ko mun zaunar da 'ya'yanmu a ƙasa ne muka tashe su hannu wofi. Kai kuma ba ka nan balle in tambaye ka.

Abba bai tako gidan nan ba tun ranar. Shekaranjiya ya aiko direba da buhun shinkafa da kujerun kushin, wai a gyara zaure. Na san ban haƙuri ne irin nasa, tun yana yaro ba ya iya cewa ya yi laifi, sai dai ya ɗebo mini ruwa ba a aike shi ba. Na mayar da su duka. Matarsa ta ce ba ya cin abincin kirki. Ni ma kullum sai na zuba nasa a kwanonsa in rufe, har ya huce. Ina kewarsa, Malam, fiye da yadda zan bari ya sani.

Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya saka maka da zaman da ka yi a ƙasa tare da bayinsa. Allah ya yafe mini kujerata. Allah ya kama hannun yaron nan, kada ya bar shi da mutanen da ke taka tabarma da takalmi.

Jiya na faskara 'yar tsugunon na hura wuta da ita, sannan na tara mutanen gida na faɗa musu doka. Babu kujerar da za ta sake ƙetare zauren nan, ko ta gwamna, ko ta mai ciwon gwiwa, ko tawa. Ƙofa a buɗe take ga Abba, abincinsa na nan, amma a ƙasa zai ci, a kan tabarmar ubansa ta gaskiya. Ranar da yake so ya ɗauke ta, ya tara mutane da rana, ya naɗe ta da hannunsa, ya faɗi dalili da bakinsa. Kafin nan ba ta fita.

Ni ce matarka, mai share zaurenka har yanzu,
Hajara.